Shukar da Babana ya bar min tana kaɗe ganye, zuciyata tana zargin abokiyar zamana

Assalamu alaikum Gwaggo. Ni amarya ce, watana huɗu a ɗaki, daga Kano aka kawo ni wani ƙauye a ƙasar Ringim. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, sana'arsa sayar da furanni a bakin titi. Kafin rasuwarsa bara ya dasa min wata shuka da hannunsa, ya ce ta ɗakina ce in Allah ya kawo miji. Fikus yake ce mata. Ganyenta ƙanana ne masu sheƙi da tsini, rassanta suna rankwafowa, in an tsinke ganye wani farin ruwa yana fitowa kamar nono. Ranar jere ƙawayena suka zura tukunyarta cikin wata babbar roba mai ado, suka ajiye ta a lungu kusa da kabet. Tagar ɗakin ɗaya ce, ƙarama, tana kallon arewa, kuma tun da sanyi ya shigo na rufe ta na saki labule. Da daddare ina shigo da kasko, ina kuma yin turaren wuta safe da yamma.

Tun a watan farko take yar da ganye ɗaya-biyu, ban damu ba. A Disamba na je Kano biki na yi kwana goma, na bar wa Yaya, uwargidana, mukulli don ta riƙa duba min ita. Da na dawo na tarar da ganye fal a ƙasa, wasu ruwan ɗorawa wasu kore shar, ƙasar tukunyar kuma jagab. Yaya ta ce wallahi kullum sai ta ba ta ruwa safe da yamma. Na canja mata lungu sau uku, na barbaɗa mata rabin cokali na takin yuriyar maigida, abin sai gaba yake yi. Ganyen da ya rage bai fi kashi ɗaya cikin uku ba. Wata ƙawata ta ce ruwa ba ya tsami banza, wani abu aka zuba mata, kuma ni ake nufi. Tun daga nan gaisuwa kawai ke haɗa ni da Yaya, alhali da kwano ɗaya muke ci. Maigida ya ce in fitar da ita in huta, itacen da ba a ci bai cancanci ruwan da ake wahalar ɗebowa ba. Ni kuwa in na dube ta Babana nake gani. Gwaggo, za ta rayu? Kuma yaya zan yi da zuciyata?

Daga 'yarki, amarya a ƙasar Ringim.

Wa alaikumus salam 'yata. Allah ya jiƙan mahaifinki, ya haskaka kabarinsa, ya sa alherin da ya shuka ya bi shi. Na san abin da kike kuka a kai ya wuce ganye. Kin bar gidanku, kin bar garinku, wanda ya fi kowa sanin halinki yana ƙarƙashin ƙasa, kuma abu ɗaya da hannunsa ya taɓa wanda kika taho da shi yana lalacewa a gaban idonki. Duk wanda ya ce miki "ai itace ne kawai" bai san nauyin abin ba. Abin da ya fi tsaya min a rai cikin wasiƙarki shi ne kwanon da kuka daina haɗawa ke da Yaya, amma ba zan wanke ta da fatar baki ba. Bari mu shiga ɗakin tukuna, mu ga abin da ya sami shukar.

Na gane ta daga kwatancenki. Masana tsirrai suna kiranta Ficus benjamina. Asalinta kudancin Asiya ne, daga Indiya zuwa Tailan da Malesiya har arewacin Ostireliya, inda take zama ƙatuwar bishiya a ƙasa mai ɗumi da laima. Dangin ceɗiya ce da durumi da ɓaure da gamji, farin ruwan nan da kika gani shi ne shaidar zumuncinsu. To, tuna min inda kika saba ganin ceɗiya. Ƙofar gida, bakin kasuwa, gaban masallaci, fili fetal, rana tana dukanta daga fitowa har faɗuwa. 'Yar uwarta ce aka ɗauko daga bakin titin da Babanki ya raine ta, aka kai ta lungun kabet. Masu sayar da furanni duk sun san halinta: babu shukar ɗaki da ta kai ta saurin fushi in an canja mata wuri. Ganyen da ta yi a cikin haske ba ya yi mata aiki a duhu, sai ta zubar da shi ta nemi yin wani. Ganye ɗaya-biyun da kika gani tun watan farko ke nan. Ki riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Idonmu yana yaudararmu a kan haske. Kin san yadda in kin shigo ɗaki daga tsakar gida da rana ba kya ganin komai, sai bayan ɗan lokaci ido ya washe ki ce ai da haske. Ido ne ya gyara kansa, ɗakin yana nan yadda yake. Akwai ma'aunin haske da ake kira luks. Tsakar gida da tsakar rana in gari ya yi garau yakan kai luks 100,000. Inuwar bishiya tana da nata dubbai. Lungun ɗaki mai ƙaramar taga da labule a sake sau da yawa ko 100 ba ya kaiwa, ita kuwa wannan shukar na dubbai take nema. Ba sai kin sayi na'ura ba. Gobe da azahar ki shimfiɗa farin ƙyalle a inda tukunyar take, ki ɗaga tafin hannunki sama da shi kamar taƙi ɗaya. In kin ga inuwar yatsunki biyar rarrabe, wurin yana da haske. In wani dishi-dishi kika gani, da ƙyar ne. In babu inuwa sam, wurin na ajiye akwati ne. Ina da yaƙinin na ukun za ki gani.

Tagarki ma ba ta taimaka ba ko da a buɗe take. Mu nan Kano da Jigawa muna wajen digiri 12 ne arewa da tsakiyar duniya, don haka a hunturu rana ta kudu da mu take bi: ta fito ta kudu maso gabas, ta faɗi ta kudu maso yamma. Tagar arewa ba ta samun ko ɗigon hasken rana kai tsaye a Disamba da Janairu. Sai wajen ƙarshen Afrilu zuwa Agusta ranar tsaka take karkatowa arewa. Ga hazo a sama, ga ƙura ta kwanta a kan ganyen da ya rage. Ƙwan sola da ke rataye a silin kuwa na idonki ne, shuka ba ta ƙoshi da shi.

Ga dalilin da ya sa hasken ya zama komai. Shuka da kanta take dafa abincinta, ganye shi ne madafinta, ruwa da iska su ne cefane, haske shi ne wutar murhu. Taki matsayinsa na gishiri da kanwa ne. In murhu babu wuta, ko kin juye buhun gishiri a tukunya tuwo ba zai tuƙu ba. Yuriyar da kika barbaɗa ba ta ciyar da ita ba, sai dai ta ƙara ƙona saiwar da ta riga ta galabaita, domin rabin cokali a tukunya ɗaya ya yi yawa ƙwarai. Shukar da ta ga abinci ya ƙaranta tana yin abin da makiyayi yake yi in rani ya yi tsanani, ya rage dabbobin da ba zai iya ciyarwa ba don sauran su kai damina. Tana janye abin amfanin da ke cikin tsohon ganye, shi ya sa yake komawa ruwan ɗorawa, sannan ta datse shi daga gindin marikinsa ya faɗi.

Sai maganar ruwa, kuma a nan robar adon nan ta yi ɓarnar da babu wanda ya gani. Mai sana'a irin Babanki ba zai dasa shuka a tukunyar da ba ta da huda ba. Amma robar da aka zura ta ciki ba ta da mafita, duk ruwan da ya tsiyaye yana nan kwance a ƙasa, tukunyar tana zaune a cikinsa. Saiwa tana numfashi kamar ni da ke. In ƙasa ta cika da ruwa iska ta fita, saiwar ta shaƙe ta fara ruɓewa. Saiwar da ta ruɓe ba ta iya shan ruwa, sai ganye ya yi yaushi kamar na mai ƙishirwa, mai ita ta tausaya ta ƙara ruwa. Kuma shukar da ke duhu, cikin sanyi, da ragowar ganye kaɗan, ba ta shan ko rabin abin da take sha a fili. Lokacin da nake aikin malamar gona mun taɓa samun irin wannan a ofis. Wani dattijo mai shara, mutumin kirki, kullum da safe sai ya juye mata sauran ruwan butarsa. Ranar da na ɗaga tukunyar daga cikin mazubinta, wani wari ya buge ni kamar na kwata, ruwan ƙasan ya yi baƙi, saiwoyin da na taɓa suka saɓule a yatsana kamar taliyar da ta dahu ta wuce misali. Dattijon nan har idonsa ya kawo ruwa, don shi a ganinsa hidima yake yi mata. Mun yanke ruɓaɓɓen, mun canja ƙasa, mun fitar da ita baranda. Ba ta kai wata biyu ba ta fara toho.

Kasko da turaren wuta su ma suna da kaso. Hayaƙi yana ɗauke da wata iska da ake kira etilin, irin wadda mangwaro da ayaba suke fitarwa su nuna in an rufe su a buhu. Ga ganye kuwa saƙon da take kaiwa shi ne lokacin faɗuwa ya yi. Tun a ƙarni na 19 aka lura a biranen Turai cewa bishiyoyin da ke kusa da bututun iskar fitilun titi mai yoyo suna kaɗe ganye, kuma a 1901 wani masanin tsirrai ɗan Rasha, Dimitiri Nelyubof, ya gano etilin ce ke cikin iskar take juya tsiro. Ki haɗa da zafin garwashi da dare, sanyin asuba da kan sauka ƙasa da digiri 15, da busasshiyar iskar da ke fasa mana leɓe da dunduniya. Korayen ganyen da kika tsinta a ƙasa irin wannan bugun na farat ɗaya ne yake zubar da su, da kuma ɗauke ta daga lungu zuwa lungu. Tunda maganar kasko ta zo, 'yata, ina roƙonki don Allah kada ki kwana da garwashi a ɗakin da taga da ƙofa suke rufe. Gawayi yana fitar da wata iska mai guba da ba ta da wari, tana kashe mutum cikin barci. Ki ɗumama ɗakin ki fitar da shi kafin ki kwanta. Wannan ya fi min shukar muhimmanci nesa ba kusa ba.

Yanzu mu zo kan Yaya. Ba na gidanku, ba zan rantse a kan zuciyar kowa ba. Amma ina iya karanta alamun da kika ba ni. Shukar da aka zuba wa kananzir warinsa ba ya ɓuya, yana daɗewa a ƙasar. Wadda aka zuba wa tafasasshen ruwa ko gishiri mai yawa, cikin kwana ɗaya zuwa biyu take langaɓewa gaba ɗaya, ganyen ya bushe a jikin reshe. Shukarki kuwa a hankali take zubarwa, ta fara tun kafin Yaya ta riƙe mukullinki, ta ci gaba bayan kin karɓe shi. Abin da Yaya ta faɗa da bakinta, ruwa safe da yamma na kwana goma, shi kaɗai ya isa ya bayyana abin da kika tarar. Ki yi lissafi: sau ashirin ta bar aikinta ta buɗe ɗakinki ta zuba ruwan da aka sha wahalar ɗebowa. Matar da ta tashi a karkara ta san lambu, ta san albasa da tumatir a rani in ba a ba su ruwa kullum ba sun tafi. Da wannan sanin ta yi miki hidima, kuma ba ki ce kin gaya mata adadin ruwan da za ta zuba ba. Mai mugun nufi cewa za ta yi ta manta, ko ta ce ba ta san abin da ya faru ba. Ita kuwa ta faɗi ainihin abin da ya ja ɓarnar tana rantsuwa, don ba ta san ɓarna ba ce.

Ki ɗan tsaya a inda take tsaye. An yi mata amarya 'yar birni, ta danne abin da kowace mace take ji, ta jawo ki kwano ɗaya, kin ba ta amana ta riƙe iya saninta, sai ta wayi gari kin ɗaure fuska ba ta san laifinta ba. Ko kuma ta sani, domin a gida ɗaya zargi ba ya ɓuya, kuma babu abin da ke ƙona zuciya kamar a zarge ka da sammu a kan alherin da ka yi. Allah ya ce mana a Suratul Hujurati, aya ta 12, mu nisanci yawan zato domin wani zaton zunubi ne. Ƙawarki ban ce maƙiyiyarki ba ce, ta yiwu tsoron kishiya ne irin wanda aka cusa mana tun muna 'yan mata. Amma tana Kano, ba ta ga tagar ba, ba ta leƙa cikin robar ba. In ta sake tayar da zancen ki ce mata kin gano dalili, ki rufe shi. Sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga, kuma ke ce za ki zauna a gidan nan shekara da shekaru, ba ita ba.

Ga abin da nake so ki yi, kuma ki fara da safiyar gobe. Ki kira Yaya ta kama miki, kada ki yi ke kaɗai. Ba sai kin yi dogon jawabi ba, ki ce, "Yaya, ashe robar nan ce take tara ruwa, zo ki taya ni mu duba." Ku ciro tukunyar ku zubar da ruwan da ya kwanta. Ki kankare ɓawon wani reshe kaɗan da farce. In kin ga kore da danshi a ƙarƙashi, da ranta. Reshen da ya bushe ƙayau har yana karyewa ki bi shi ƙasa-ƙasa har inda koren ya fara, ki yanke daga nan. Sannan ku kwantar da tukunyar ku zaro shukar da ƙasarta a hankali. Saiwa mai lafiya fara ce ko ruwan ƙasa, da ƙwari in an taɓa. Baƙa mai laushi da wari ta mutu, ki yanke ta da sabuwar reza har ki kai ga mai kyau. Ki kakkaɓe jiƙaƙƙiyar ƙasar da ta sha yuriya iya yadda za ta fita ba tare da kin tsinka lafiyayyun saiwoyi ba. Ki kula da farin ruwan, yana sa ƙaiƙayi, kada ya shiga ido, kuma a hana yara wasa da ganyen.

Tukunyar ƙasa irin ta maginanmu ta fi roba, domin jikinta yana numfashi. Ki sa a huda gindinta, ki ɗora tsingaro a kan hudar don kada ƙasa ta toshe ta. Kada ta fi tsohuwar girma, saiwa kaɗan a cikin ƙasa mai yawa ruɓa take jawowa. Ƙasar kuwa Allah ya ba ku ita a ƙofar gida: kashi biyu na jigawar gona, kashi ɗaya na yashi mai gwari-gwari ko ɓuntun shinkafa da ya kwana biyu, kashi ɗaya na tsohon takin dabbobi wanda ya ruɓe ya koma kamar ƙasa, ba ya wari ba ya zafi. Ban da laka ta fadama, tana riƙe ruwa ta daskare. Bayan dashen ki ba ta ruwa sau ɗaya har ya fito ta ƙasa, ki bar shi ya tsiyaye.

Wurin zama shi ne babban magani. Ki nemi gefen baranda ko ƙarƙashin rumfa inda ranar safe take taɓawa zuwa hantsi, sauran yinin kuma inuwa mai haske. Ɓangaren gabas ko kudu ya fi a wannan lokacin. Iskar hunturu daga arewa maso gabas take busowa, don haka a samu bango ko zana ta tare mata. Kada ki fitar da ita tsakiyar rana kai tsaye, ganyen da ya yi wata huɗu a duhu ƙonewa zai yi. Makon farko ki sa ta can ciki, sannan ki matso da ita baki kaɗan. Ki ɗora ta a kan bulo saboda gara da kaji, a kewaye ta da waya ko ƙaya saboda awaki, don akuya ba ta san gadon mahaifi ba. Daren da sanyi ya yi tsanani ki lulluɓa mata tsohon zani, da safe ki yaye. Daga nan ki bar ta a wurin. Kowane ɗauka da ajiyewa sabon ciwo ne a gare ta.

Ruwa kuma ba da ranaku za ki ƙirga ba, da yatsa. Ki tura shi cikin ƙasar zuwa gaɓa biyu. In kin ji danshi ki tafi abinki, ko da kwana biyar ne ko mako. In ya fito a bushe ki ba ta da safe, sosai, har ya zubo ta huda. In bazara ta shigo za ki ga tana nema akai-akai, yatsan zai gaya miki. Ban da ruwan wanki ko na wanke-wanke mai omo. Sau ɗaya a mako ki goge ganyen sama da ƙasa da jiƙaƙƙen tsumma mai laushi, ban da mai ko madara da wasu suke shafawa don sheƙi. Kina gogewa kina duba bayan ganyen. In kin ga ɗige-ɗige kamar an barbaɗa gari da wata siririyar yana, ƙananan ƙwari ne masu son ƙura da bushewa. Ki daka ganyen darbejiya, wadda wasunku suke kira maina, ki jiƙa ya kwana, ki tace ki wanke ta da shi da yamma, ki maimaita bayan mako. Takin zamani kuwa ki manta da shi sai ta yi sabon ganye sosai.

Zan gaya miki gaskiya don kada gwiwarki ta yi sanyi: bayan duk wannan za ta ƙara zubar da ganye na mako biyu ko uku, ta yiwu ma ta zama tsirara. Kada ki ɗauka ta mutu, kada kuma ki koma zargi. Muddin ƙarƙashin ɓawon kore ne, jira kawai. Kin taso kina jin ana cewa sara da sassaƙa ba ya hana gamji toho, to jininsu ɗaya. In gari ya fara ɗumi ki riƙa duba kan rassan, za ki ga wasu 'yan tsinaye kore kamar bakin allura. In kuwa kun zaro ta kun tarar saiwar duk ta narke, gindin ma ya yi laushi, to uwar ba za ta tashi ba, sai a ceci 'ya'ya, kuma akwai hanyar.

Maigida bai yi miki adalci a lafazi ba, amma rabin maganarsa daidai ne, waje take so. Shi manomi ne, a idonsa shuka ko dai a ci, ko dabba ta ci, ko a sha inuwa, kuma ya san wahalar kowace jarka. Ina zaton ba ki taɓa zaunar da shi kin gaya masa abin da kika gaya min ba. Ki zaɓi ranar girkinki, bayan ya ci ya natsu, ki ce masa, "Malam, Babana ne ya dasa ta da hannunsa, ita kaɗai ta rage min daga gare shi." Namijin da ya san zafin rashin uba ba zai sake cewa a yar ba. Maganar ruwa kuma ki kashe ta da dabara: ki riƙa alwala a kan roba, ki tara a bokiti, ruwa ne mai tsabta wanda da ma ƙasa ce za ta shanye. Na yini ɗaya ya ishe ta kwanaki. Ki roƙe shi ya zaɓo miki ƙasar da takin da kansa, ya fi mu duka sanin wadda ta ruɓe. Wanda ya sa hannu a abu ba ya son ganin ya lalace. In wata rana ya ce a dasa ta a ƙasa ta zama inuwa, abu ne mai kyau a farkon damina, amma nesa da bango da rijiya da shadda, don saiwar danginsu tana bin ruwa tana fasa gini.

Na san abin da zai yi miki wuya shi ne lungun ya zama wayam. Kina so in kin buɗe ido ki gan ta. To ki zaɓi wurin da za ki hango ta daga bakin gado in ƙofa tana buɗe. In kuma kina son kore a cikin ɗakin, ki nemi moda, mai dogayen ganye masu kauri a tsaye kamar takobi, wadda kakanninmu suke fitar da zare daga jikinta. 'Yar ƙasar nan ce ta Afirka ta Yamma, tana jure ƙarancin haske da ƙishirwa, a sanyi sai ta yi mako biyu zuwa uku ba ta nemi ruwa ba. Ita ma ki sa ta kusa da taga, ki riƙa ɗage labulen da rana, ke kanki kina buƙatar hasken da iskar.

Hanyar ceton 'ya'yan kuwa ita ce wadda Babanki ya bi ya samar miki wannan, irin yadda ake yanko reshen ceɗiya a kafa ya kama. Ki zaɓi kan reshe mai rai, tsawon santimita 10 zuwa 15, ki yanke daf da ƙasan gaɓa. Ki ɗauraye farin ruwan, ki cire ganyen ƙasa ki bar biyu ko uku a sama. Ki tsoma shi a kwalba mai tsabta da ruwa, ki ajiye a inuwa mai haske, kina canja ruwan duk bayan kwana uku. A ɗumi yakan fitar da fararen saiwoyi cikin 'yan makonni, a sanyi yana nawa. In saiwar uwar ta lalace sosai ki yanka gobe-goben nan, guda uku ko huɗu. In da sauran ƙarfinta ki bari sai ta yi toho gari ya yi ɗumi, ki yanki biyu. Ɗaya naki, ɗaya ki dasa a 'yar tukunya ki kai wa Yaya ƙofar ɗakinta, ki kama yatsanta ki nuna mata gaɓa biyun nan.

Amma kada ki jira sai reshe ya yi saiwa kafin ki koma kwanonku. Yau da daddare ki ɗauki tuwonki ki yi sallama a ɗakinta. In kin iya, ki ce mata raina ne ya ɓaci saboda tunanin Baba, ki yafe min. Ki rubuto min in bazara ta kama, ki gaya min abin da kuka tarar a cikin robar da abin da kika gani a kan rassan.

Taki, Gwaggo.